Daga senti 10 zuwa dala miliyan 6: fashin baƙi kan fitowar farko ta Action Comics

A bangon mujallar akwai wani ƙato sanye da matsattsun kaya shuɗɗa, da jan mayafi a baya, ya ɗaga koriyar mota sama da kansa yana ƙwala ta a jikin dutse. Taya ɗaya ta ɓalle tana gefe. A kusurwar hagu ta ƙasa wani mutum ya riƙe kai da hannu biyu ya arce, idanu a waje. Babu sunan ƙaton a bangon, babu wani bayani a kansa. Yaron da ya tsaya gaban mai sayar da jaridu a Amurka a watan Afrilun 1938 ba shi da hanyar sanin ko wannan mai ɗaga mota jarumi ne ko mugu. Abin da aka rubuta kawai shi ne Action Comics, lamba 1, Yuni 1938, senti 10.

A watan Afrilun 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya na wannan mujalla a kamfanin Heritage Auctions, aka saye shi dala miliyan 6. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, tambayar da mutanenmu ke yi ɗaya ce: tsohuwar takarda mai zanen yara, me ke cikinta? Tambayar tana kan hanya, amma amsar ba ta tsaya a kan Superman, wato ƙaton nan na bango, kaɗai ba. Sai an duba yadda kasuwar ta kasance kafin a buga ta, da abin da ke cikin shafukan, da wata 'yar takardar yarjejeniya da samari biyu suka sa wa hannu.

Kafin 1938, mujallun labarin zane a Amurka ba su da wata daraja. Yawancinsu tattara tsoffin zane-zanen barkwanci ne da jaridu suka riga suka buga, a ɗinke su wuri guda a sayar. Famous Funnies, wadda ta fara fita a 1934, haka take. Duk mai zanen da ya san kansa burinsa ya samu gurbi a jarida, domin a can kuɗi da suna suke. Mujalla kuwa wurin wanda jarida ta ƙi ne. Wani tsohon soja, Malcolm Wheeler-Nicholson, ya fara buga mujalla mai sabbin labarai zalla a 1935, amma bashi ya ci shi, kamfanin ya koma hannun Harry Donenfeld, mai harkar ɗab'i da rarraba mujallu, da akawunsa Jack Liebowitz. Wannan kamfani ne daga baya ya zama DC, sunan da aka ciro daga mujallarsu Detective Comics.

Jerry Siegel da Joe Shuster, samarin da suka ƙirƙiri Superman, duka an haife su a 1914. Siegel ɗan Cleveland ne a jihar Ohio, Shuster kuma a Toronto ta Kanada aka haife shi, iyayensa suka ƙaura da shi Cleveland yana yaro. Dukkansu 'ya'yan Yahudawa ne 'yan ci-rani daga Turai, gidajen da ake lissafin kwabo. Sun haɗu a makarantar sakandare ta Glenville, ɗaya na rubutu ɗaya na zane. Mahaifin Siegel mai shagon tufafi ne, ya rasu a 1932 a lokacin da ɓarayi suka shiga shagonsa. Masu sharhi da yawa suna son ɗaura wannan mutuwa da ƙirƙirar mutumin da harsashi ba ya huda shi. Labarin yana da daɗin ji, amma ni ina ganin hujjarsa ba ta da ƙarfi, domin Superman ɗin farko da suka fitar a 1933, a wata 'yar mujalla da suke bugawa da kansu, mugu ne mai sanƙo da ke juya tunanin mutane. Daga baya ne suka mai da shi jarumi, suka shirya shi a tsarin zanen jarida, suka yi shekaru suna aika wa kamfanoni ana dawo musu da shi.

To, a ƙarshen 1937 kamfanin Donenfeld yana shirin fitar da sabuwar mujalla, kuma edita Vin Sullivan na neman abin da zai cike shafuka. Aka miƙo masa wannan labari da ya sha yawo. Ya karɓa, ya ce a yanka zanen jaridar a liƙa shi ya zama shafi 13 na mujalla. Gaggawar da aka yi ta bar tabo a labarin: da an gama gabatarwar shafin farko, sai mai karatu ya tsinci Superman tsakar dare yana tsalle ɗauke da wata mata a ɗaure, ba a faɗi ko wace ce ba, ba a faɗi daga ina ba. An yanke farkon labarin ne don ya shiga gurbin da aka ba shi. Sai a 1939, da aka fitar da mujalla mai sunan Superman kansa, aka ƙara shafukan da suka bayyana abin da ya faru.

Wanda ya san Superman ta finafinai kawai zai sha mamaki idan ya buɗe waɗannan shafuka. Wannan Superman ba ya tashi sama. Tsalle yake yi, wanda aka ce ya kai kashi ɗaya cikin takwas na mil, ko ya tsallake bene mai hawa 20. Ya fi jirgin ƙasa gudu, kuma ba abin da ke huda fatarsa sai babban harsashi mai fashewa. Ba a ambaci sunan duniyar da ya fito ba, an dai ce ta tsufa ta tarwatse, wani masani ya sa jaririnsa a kumbo ya harbo shi. Wani mai wucewa a mota ya tsince shi ya kai gidan marayu. Babu koren dutsen nan da ke karya ƙarfinsa, wanda sai a 1943 ya bayyana a wasan rediyo. Jaridar da yake wa aiki da sunan ɓad-da-kamarsa, Clark Kent, ma Daily Star ce, ba Daily Planet ba. Har wani ɗan bayani marubucin ya saka don gamsar da mai shakka: ai tururuwa na ɗaukar abin da ya ninka nauyinta sau da yawa, fara kuma na tsallen da in mutum ne zai haye unguwa guda, to me zai hana?

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne waɗanda yake faɗa da su. Babu dodo, babu baƙi daga sararin samaniya. Aikinsa na farko shi ne ya fasa gidan gwamna cikin dare, ya ture mai yi wa gwamnan hidima, ya ɓalle ƙofar ƙarfe ta ɗakin kwanansa, don ya nuna masa shaidar cewa matar da za a zartar wa hukuncin kisa nan da 'yan mintoci ba ita ta yi laifin ba. Matar da ya ɗauro ita ce mai kisan. Na biyu, ya samu labarin wani magidanci na dukan matarsa, ya je ya maka shi da bango, mutumin ya zaro wuƙa ya daɓa masa, wuƙar ta karye, ya faɗi sumamme don tsoro. Na uku shi ne na motar bango. Clark ya fita rawa da abokiyar aikinsa Lois Lane, wani ɗan daba mai suna Butch ya shiga tsakani, Clark ya yi kamar matsoraci, Lois ta sharara wa Butch mari ta fice tana raina Clark. 'Yan dabar suka bi ta suka sace ta, Superman ya cim musu, ya girgiza motar suka zubo kamar gyaɗa, ya farfasa ta, ya rataye Butch a kan falwaya. Daga nan editan Clark ya tura shi Kudancin Amurka ɗauko labarin yaƙi, shi kuwa ya zarce Washington, inda ya gano wani dillali yana saye wani sanata don a shigar da dokar da za ta jefa Amurka cikin rikicin Turai. Ya cafki dillalin ya yi ta gudu da shi a kan wayoyin falwaya don ya tsorata shi ya yi magana. A nan labarin ya tsaya, sai fitowa ta gaba.

Hukuncin zalunci, dukan mata, daba, cin hancin 'yan majalisa, duk a shafi 13. Mujallar da kanta ta kira shi gatan waɗanda ake zalunta. A tuna cewa Amurka a lokacin ba ta gama fita daga karyewar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ba, miliyoyin mutane ba su da aiki. A fitowa ta 3 ya tilasta wa mai mahaƙar ma'adinai ɗanɗana irin haɗarin da leburorinsa ke ciki. A ta 8 ya rushe unguwar talakawa mai ruɓaɓɓun gidaje don gwamnati ta gina sababbi, har sojoji suka biyo shi. Wannan ba ɗan lelen hukuma ba ne. Mutum ne mai zafin kai wanda ba ya jiran kotu, irin wanda talaka ke mafarkin samu ranar da aka taka shi. Superman mai ladabi, mai tsayawa kusa da tuta, daga baya aka gyara shi, lokacin yaƙin duniya na biyu da kuma bayan da kamfanin ya gane cewa kadara ce da ba a so ta ɓata wa iyaye rai.

Kamfanin bai san abin da ya riƙe ba. Superman ɗaya ne daga cikin labarai da dama a mujalla mai shafi 64, tare da wani mai siddabaru Zatara, da labarin kaboyi, da na ɗan dambe, da tafiye-tafiyen Marco Polo. An buga kwafi kusan 200,000. An ruwaito cewa Donenfeld da ya ga bangon ya ɗauke shi shirme, kuma gaskiya ne Superman bai sake hawa bango ba sai a fitowa ta 7. Da aka bincika dalilin da ciniki ke hauhawa, sai aka ji yara ba sa kiran sunan mujallar, cewa suke a ba su wadda ke da Superman a ciki. Daga fitowa ta 19 ya zauna a bango shekaru da dama bai sauka ba. A Janairun 1939 ya shiga jaridu, wurin da aka ƙi shi a da. A 1940 ya shiga rediyo, a 1941 majigin zane na 'yan'uwan Fleischer, inda tashi sama ya zauna masa sosai domin tsalle-tsalle ba ya kyau a majigi. Batman ya fito a Detective Comics lamba 27 a 1939 saboda ana neman wani irinsa. Sauran kamfanoni suka yi caa, kowa da nasa mai mayafi, DC kuma ta shiga kai ƙara. Shari'arta da kamfanin Fawcett kan nasa jarumin, Captain Marvel, ba ta ƙare ba sai 1953. Shi ya sa masana tarihin wannan fanni ke fara ƙirga zamanin jarumai masu ƙarfin ban mamaki daga wannan fitowa.

Nawa aka biya samarin? Dala 130, wato dala 10 kowane shafi, su raba biyu. A kuɗin yau bai wuce kusan dala 3,000 ba. Cek ɗin na ranar 1 ga Maris 1938 ne, jimlarsa dala 412 domin an haɗa da kuɗin wasu ayyukan da suka yi wa kamfanin. Tare da shi suka sa hannu a takardar da ta miƙa wa kamfanin Superman gaba ɗaya, har abada. Wannan cek ɗin kansa an yi gwanjonsa a 2012 a kan dala 160,000.

A nan ya kamata a yi adalci, domin ana yawan ba da labarin kamar an ba su dala 130 an kore su. Ba haka ba ne. Sun ci gaba da yi wa kamfanin aiki kusan shekara goma, da albashi mai tsoka a ma'aunin lokacin, har Shuster ya buɗe ɗakin zane da ma'aikata a Cleveland. An ƙiyasta abin da suka samu a wannan tsakani ya haura dala 400,000. Kuma sayar da labari ɗungurungum shi ne al'adar sana'ar a lokacin, ba su kaɗai aka yi wa ba. Matsalar ita ce su 'yan ƙwadago ne a gonar da suka share da hannunsu. Kuɗin rediyo, da majigi, da kayan wasan yara, da riguna, duk na mai gona ne. Duk marubucin da ya taɓa sayar wa ɗan kasuwa littafi ko labarin fim a dunƙule a Kano, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, sannan ya ga ana ta sake bugawa shekara da shekaru, ya san wannan ciwon ba sai an fassara masa ba.

A 1947 suka kai ƙara suna neman a dawo musu da Superman. Kotu ta ce cinikin 1938 ya zauna, ko da yake ta ba Siegel gaskiya kan Superboy, wato labarin Superman yana yaro, wanda kamfanin ya buga ba da izininsa ba yana aikin soja. Aka sasanta a 1948 a kan kusan dala 94,000, suka saki komai, kamfanin ya sallame su ya goge sunayensu daga mujallun. Daga nan rayuwa ta juya musu baya. Idon Shuster ya yi ta mutuwa har zane ya gagare shi, ya koma aikin kai saƙo a New York. Siegel ya dawo DC a 1959 yana rubuta labaran Superman ba tare da an sa sunansa ba, daga baya ya ƙare a ƙaramin aikin akawu a Kalifoniya. Sai a 1975, da aka sanar za a kashe miliyoyi a yi babban fim ɗin Superman, Siegel ya rubuta doguwar wasiƙar koke ya raba wa 'yan jarida. Masu zane Neal Adams da Jerry Robinson suka tsaya musu, maganar ta shiga talabijin. Kamfanin Warner, wanda ya mallaki DC a lokacin, ya ga abin kunya na tunkaro fim ɗinsa, ya amince zai riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara har ƙarshen rayuwa, da kuɗin magani, a kuma mayar da sunayensu. Ba kotu ta ba su ba, surutun jama'a ne. Shuster ya rasu a 1992, Siegel a 1996. Magadansu sun ci gaba da shari'a. A 2008 wani alƙali a Kalifoniya ya ba iyalan Siegel kaso a haƙƙin mallakar abin da ke cikin wannan fitowa ta farko, a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wata yarjejeniya da suka cim ma da kamfanin a 2001 ta riga ta ɗaure su.

Mu koma kan tsadar takardar. Daga kwafi 200,000, waɗanda aka yi ƙiyasin sun rage ba su wuce kusan 100 ba. Dalili kuwa shi ne ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai. A kan takarda mafi araha aka buga ta, irin ta jarida, wadda ke yin ja ta riƙa karyewa. Yara suka karanta, suka naɗe a aljihu, suka yi musaya, iyaye mata suka share suka zubar. Lokacin yaƙi aka yi gangamin tara tsoffin takardu don sake sarrafawa, mujallu suka tafi da yawa. Mu ma nan mun san inda tsoffin jaridu da littattafai ke ƙarewa, wajen mai ƙosai da mai tsire. Da kowa ya adana tasa, da yau ba ta kai kuɗin kirki ba. Hakan ta faru a 1992, lokacin da DC ta buga labarin mutuwar Superman: mutane suka yi layi suka sayi miliyoyin kwafi suka ɓoye a leda suna jiran arziki, kuma saboda kowa na da shi, har yau ba ya wani tsada.

Sai kuma lafiyar kwafin. Tun shekarar 2000 akwai kamfanin CGC da ke duba mujalla, ya ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe ta cikin akwatin roba mai tauri. Ƙaramin lanƙwasa a kusurwa, ko tsatsa a ƙusar ɗinki, na iya zaftare dubban ɗaruruwan daloli. A 2013 wani mai gyaran gidaje a jihar Minnesota ya fasa bangon tsohon gidan da ya saya kusan dala 10,000, ya tarar da kwafi cikin tsoffin jaridun da aka cusa don tare sanyi. Ana cikin murna gardama ta kaure tsakaninsa da wata 'yar'uwar matarsa, aka ja mujallar, bangon baya ya yage. Makin ya sauko zuwa 1.5, duk da haka aka saye ta dala 175,000. Kwafin ɗan wasan fim Nicolas Cage kuma sace shi aka yi daga gidansa a 2000, aka tsince shi a wani ɗakin ajiyar kaya a Kalifoniya a 2011, aka sayar a shekarar kan dala miliyan 2.16. Kafin nan, a 2010 ne aka fara sayar da kwafi a kan dala miliyan 1. A 2014 wani mai maki 9.0 ya tashi sama da dala miliyan 3.2 a shafin cinikin intanet na eBay. Na dala miliyan 6 ɗin makinsa 8.5 ne. Abin dariyar shi ne da zarar an rufe ta a robar nan ba mai sake buɗewa, domin buɗewa na soke makin. Wanda ya biya miliyoyi bango kawai yake kallo, labarin kuwa sai dai ya karanta a sabon bugu kamar kowa. Sabbin bugun nan ma suna ruɗar mutane: an sake buga fitowar sau da dama, har da wani babban bugu na 1974, kuma dillalai sun saba ganin masu zuwa da shi a guje suna zaton sun tsinci dami a kala.

Mujallar ba ta tsaya ba. A ranar 18 ga Afrilu 2018, shekara 80 cif bayan ta farko, aka fitar da lamba 1000. Lissafin ma sai da aka yi masa dabara. A 2011 kamfanin ya tsayar da ƙirga a 904 ya koma lamba 1 don jawo sabbin masu karatu, aka yi fitowa 52, sannan a 2016 aka haɗa su aka ci gaba daga 957, ana fitowa sau biyu a wata. A cikin lamba 1000 akwai wani gajeren labari da Geoff Johns da Richard Donner suka rubuta, wanda ya koma kan koriyar motar nan. Washegari Butch ya kai ta gareji a ragargaje, makanike na tambayar me ya buge ta haka, sai Superman ya same shi, ya yi masa magana a hankali kan maraicin da shi Butch ɗin ya taso a ciki, ya bar masa zaɓin ya gyara halinsa. Labarin ya yi kyau, amma Superman na 1938 da ya rataye mutum a falwaya ba zai tsaya wannan nasiha ba.

A dokar Amurka, haƙƙin mallakar aikin da aka buga a wancan zamani yana ƙarewa bayan shekara 95. Ke nan ranar 1 ga Janairu 2034 abin da ke cikin Action Comics lamba 1 zai zama na kowa, kamar yadda Mickey Mouse na 1928 ya zama a 2024. Amma abin da ke cikin shafi 13 ɗin kawai: Clark, da Lois, da kayan, da mayafin. Tashi sama, da koren dutse, da babban abokin gabansa Lex Luthor wanda ya zo a 1940, kowanne sai shekararsa ta cika, kuma sunan Superman da tambarin ƙirjinsa na yanzu suna nan a matsayin alamar kasuwancin DC, wadda ba ta ƙarewa muddin ana amfani da ita. Wanda za a saki a 2034 shi ne mai tsallen nan da ke fasa ƙofar gwamna cikin dare, wanda aka sayar dala 130.